Ido Uku a Mabera

Bayan an haura katanga an kwance ragon layya,
na turo kuɗi daga Abuja.
Sirajo ya zo da tsani da abin huda bango,
ya kafa ido uku a gidanmu na Mabera:
ɗaya a zaure, ɗaya bisa rijiya,
ɗaya yana kallon turke da dogon yaron da Baba ya shuka.

Ya bi da waya ta ƙarƙashin indararo
kada ranar Sakkwato ta narkar da ita.
Akwatin intanet ya ɗora a kan firji,
inda sabis ke tsayawa da ƙafa ɗaya,
ya jona shi da batirin sola,
don wutar Nepa baƙuwa ce a layinmu, ba ta kwana.
Ya kira ni: "Anti, kalmar sirri,
haruffa da lamba, wadda ba mai cankowa."
Na ba shi sunan jakin da Baba ya sayar
da shekarar da muka rufe shi.

Daren nan, ina bakin aiki a ɗakin haihuwa,
na latsa waya, zobe ya yi ta juyi, ya yi ta juyi,
sai ga tsakar gidanmu a tafin hannuna,
fari da baƙi,
buta a inda buta take tun ina goye.

Inna ba ta yi murna ba.
"Wanga abu shina ganina in ina alwala?"
Da safe ta rataya wa idon rijiya faifai.
Kwana tara ina kallon saƙar kaba.

Wayata kuwa ta zama mai gadi sarkin tsoro:
ƙadangare ya gitta, ta yi ƙara,
muzuru ya dira, ta yi ƙara,
ganye ya faɗo, ta tashe ni ƙarfe biyu.
Sirajo, daga shagonsa, bai ko sa takalmi ba,
ya shiga ya rage mata zumuɗi.

Wata biyar, ba ɓarawo.
Na san ranar da Kulu mai fura ke zuwa karɓar bashi,
na san jikan maƙwabta da ke satar tsamiya,
na san Inna kan zauna bayan la'asar
kusa da kujerar Baba, ba a kanta ba,
bakinta yana motsi.
Sauti na nan, maɓalli ɗaya ne.
Ban taɓa latsawa ba.

Ta koyi gaishe ni.
Takan tsaya gaban idon turke, ta gyara kallabi,
ta ɗaga hannu, tsaye kyam kamar tabarya,
ta taka a hankali har ta fice daga hoto.

Ta manta da na zaure.

Shi ya nuna mini ita tana dafa bango,
tana jan ƙafar hagu kamar ta aro,
tana hutawa sau biyu tsakanin ƙofa da ƙofa.
Na mayar da hoton baya. Litinin, haka.
Lahadi, haka. Har inda ma'ajiyar ta ƙare, haka.
Ni da nake gane kumburi daga nesa a ƙafar matan wasu.

Na kira. "Inna, ƙafarki."
Shiru, sai kukan kurciya ta cikin waya
da ta cikin hoto, ɗaya na bin ɗaya.
"Lahiyata lau," in ji ta.
Can ta ce, "To, tunda kin gani,
tambayi Sirajo ko idon nan naku
shina iya shafa man zafi."

Data ta ƙare da la'asar ɗin.
Saƙo ya shigo: a sabunta.
Na duba kuɗin, na duba kuɗin mota.
Zoben yana ta juyi a kan baƙin gilashi
lokacin da muka wuce Talata Mafara.